Daga Ertugrul Zuwa Ƙofar Bebeji: Yadda Tarihi Ke Shiga Cikin Gida

Da yawa daga cikinmu mun kalli Ertugrul, shirin nan mai dogon zango da tashar TRT ta Turkiyya ta nuna daga 2014 zuwa 2019. Labarin ƙarni na 13 ne, lokacin da Mangolawa ke tarwatsa dauloli. Amma a tambayi ɗalibi abin da ya fi tunawa, da wuya ya kawo shekarar wani yaƙi. Saɓanin Ertugrul da wansa Gundogdu zai ambata, ko zullumin mahaifiyarsu duk ranar da aka fita daga.

Dabarar ke nan: a ɗauko babban sauyin da ya girgiza ƙasa, a nuna shi ta cikin gida ɗaya. In tarihi ya yi yawa, shirin ya koma darasin allo. In rikicin gida ya rinjaya, ya zama labarin soyayya cikin tsofaffin kaya. Sannan mu lura, abin da aka rubuta kan ainihin Ertugrul kaɗan ne, mafi yawan abin da muke gani ƙirƙira ce. Kada mu kwashe shi mu kai ɗakin jarrabawa.

Mu ma muna da namu. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim. Bai tsaya lissafin bayi nawa aka ƙetara Sahara da su ba. Uwa ɗaya ya nuna, wadda aka raba da ɗanta, ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Wanda ya kalla ba ya manta mene ne bauta.

To, mu dawo gida. A farkon Fabrairun 1903 dakarun Kanar Morland suka fasa ƙofar Bebeji da igwa, ranar 3 ga wata suka ci Kano. Littafin tarihi iyakarsa ke nan. Amma wace uwa ce ta goya jariri ta yi daji a ranar? Gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar ruwa ta Tiga, aka kammala a 1974, ruwa ya ci gonaki, aka tashi ƙauyuka. Yaya maigida ya gaya wa iyalinsa za a bar kushewar iyaye? Ga hare-haren Ningawa a ƙasar Tudun Wada, ga haƙar kuza a Riruwai ta Doguwa. Kowanne ya isa shiri guda.

Waɗanda suka ga 1903 sun riga mu gidan gaskiya, amma waɗanda suka ga tashin Tiga suna nan, sai dai girma ya kama su. Kafin ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantarku, ko a Kiru take ko a Bebeji, ta zaɓi wasan ƙarshen zango, ku je da littafi da biro ku zauna gaban kaka. Shekara da sunan gari ku tantance su wajen malamin tarihi. Abin da aka ce a tsakar gida kuwa, a bakin kaka za ku same shi.