Guguwar Da Ba Ta Tayar Da Ƙura: Yadda Rana Ke Hargitsa Samaniyarmu

Da yawa daga cikinmu mun taso muna ganin kakanninmu rungume da rediyo, suna murɗa shi don kamo labaran Hausa a gajeren zango. Wata rana murya ta fito tar, wata rana ta shaƙe. Mukan ɗora wa batir laifi, alhali sau da yawa matsalar tana can sama.

Daga kimanin kilomita 60 zuwa 1,000 a saman kawunanmu akwai wani sashe na iska da masana ke kira ayonosfiya. A can, hasken rana yana ɓamɓare ƙananan ƙwayoyin lantarki daga jikin iska, su riƙa yawo. Wannan sashe ne ke dawo da saƙon gajeren zango ƙasa kamar madubi, shi ya sa muke jin tashar da ke wata nahiya. Saƙon GPS ma, da ke tasowa daga taurarin ɗan'adam masu nisan kilomita 20,000, sai ya ratsa shi kafin ya iso wayoyinmu.

To, ina guguwar take? Wani lokaci rana kan yi aman iska mai zafi da ke ɗauke da lantarki. Cikin kwana 1 zuwa 3 aman kan iso duniya, ya daki garkuwar maganaɗisun da ta kewaye ta. Wannan karo shi ne guguwar maganaɗisu.

Abin ya shafe mu kai tsaye, domin layin da ya raba maganaɗisun duniya gida biyu ya ratsa ta cikin Najeriya. A kan wannan layi, ko ba guguwa, ƙarfin lantarkin da ke samaniya yakan cilla ƙwayoyin nan sama da rana, kamar ruwan bututun da ya fashe. Daga nan sai su gangaro su taru a wurare biyu, kimanin digiri 15 arewa da kudu da layin. Bayan magariba kuma akan samu wasu manyan ramuka marasa ƙwayoyi da yawa, kamar kumfa, suna hawa sama. Saƙon da ya bi ta cikinsu sai ya riƙa rawa, wani lokaci ya ɓace.

Idan guguwa ta zo, abu biyu kan faru. Na farko, ƙarfin lantarki daga yankunan ƙurewar arewa da kudancin duniya yakan kutso yankinmu nan take, ya ƙara wa cillawar ƙarfi ko ya danne ta. Na biyu, zafin da guguwar ta zuba a waɗancan yankuna yakan taso da iska zuwa wajenmu bayan wasu sa'o'i, ta sauya tsarin gaba ɗaya. Saboda haka wata guguwar takan haifar da kumfar, wata kuma ta hana ta fitowa.

Ba tatsuniya ba ce. A ranar 13 ga Maris 1989, guguwa ta jefa lardin Kwibek na Kanada cikin duhu na kusan sa'o'i 9. A ranakun 10 da 11 ga Mayu 2024 an yi wadda ta fi kowace ƙarfi tun 2003, har motocin noma masu aiki da GPS a Amurka suka rikice ana tsakiyar shuka. A nan gida, mai safiyo da ke auna fili da matuƙin jirgin sama duk sun dogara da wannan saƙo. Kuskuren 'yan mitoci a iyakar gona kuwa ya isa ya haɗa maƙwabta faɗa.

Jami'ar Ilori ta daɗe tana nazarin ayonosfiya, haka ma cibiyar binciken sararin iska ta hukumar NASRDA da ke Anyigba a Jihar Kogi. Amma na'urorin awo a Afirka ba su kai na sauran nahiyoyi yawa ba, masu binciken ma haka. Don haka ƙannenmu da ke ajin kimiyya, ku riƙe lissafi da fizis da kyau. Abin da ɗaliban Turai ke karantawa a littafi, mu a saman rufinmu yake faruwa kullum.