Jiragen Yaƙin da Suka Ƙare a Takarda

Wanda ya ziyarci Gidan Ɗan Hausa a unguwar Nassarawa ta Kano, abu na farko da za a gaya masa shi ne nan Bature Hans Vischer ya zauna, kuma a wannan unguwa ya buɗe makarantar boko a 1909. A cikin wannan shekara ɗin ne Ingila ta sa wani sabon jirgin ruwan yaƙi aiki, mai suna Invincible, wanda ya ci kuɗi fiye da fam miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai. A lokacin kuwa gwamnatin Arewa ba ta iya riƙe kanta sai da gudummawa daga Landan. Mu mutanen tudu ne, teku ta yi mana nisa, amma labarin wannan jirgi da 'yan'uwansa ya cancanci a sani, domin gardamar da aka yi a kansu ita ce har gobe ake yi duk lokacin da wata ƙasa za ta sayi kayan yaƙi.

Irin wannan jirgi Turawa na kiransa batilkuruza. Wanda ya kawo shawararsa shi ne Admiral John Fisher, shugaban mayaƙan ruwan Ingila daga 1904 zuwa 1910. Mai zanen jirgin yaƙi yana da abu uku da zai raba wa nauyin jirgi: igwa, sulke da inji. In ya ƙara wa ɗaya, tilas ya rage wa wani, kamar mai laftun raƙumi, wanda in ya ƙara gishiri sai ya rage ruwan sha. Fisher ya zaɓi ya rage sulke. A ganinsa gudu shi ne kariya, wato jirgin ya kama duk wanda ya fi ƙarfi, ya tsere wa duk wanda ya fi shi ƙarfi.

Ga yadda lissafin ya fito. Babban jirgi Dreadnought na 1906 yana da igwa goma masu faɗin baki inci 12, da sulke mai kaurin inci 11 a kwiɓinsa, yana cin mil 21 na teku a awa ɗaya. Invincible kuwa igwa takwas gare shi irin waɗannan, yana cin mil 25, amma sulkensa inci 6 kacal. Wato an sayi mil huɗu da igwa biyu da kusan rabin sulke.

Da farko kamar Fisher ya yi gaskiya. Ran 8 ga Disamba 1914, kusa da tsibiran Fokland, Invincible da Inflexible suka bi jiragen Jamus biyu, Scharnhorst da Gneisenau, suka cim musu, suka nutsar da su daga nesa. Aikin da aka yi su dominsa ke nan, wato share hanyoyin teku, irin hanyoyin da gyaɗar Kano ke bi zuwa Turai tun bayan da dogo ya iso birnin a 1911. Kuskuren da ya biyo baya shi ne da aka ga suna da manyan igwogi, sai aka aika su su kara da masu igwa irin tasu. Ran 31 ga Mayu 1916, a yaƙin Jutland, uku daga cikinsu suka tarwatse: Indefatigable da Queen Mary da shi kansa Invincible. Mutum fiye da 3,000 suka hallaka. A Invincible mutum shida kaɗai aka tsamo.

Masu bincike na baya sun nuna ba laifin sulke ba ne kaɗai. Don son harbi da sauri, sojojin kan tara albarushi a hanyar da ke tsakanin igwa da rumbun ajiya, har su bar ƙofofi a buɗe, saboda haka wuta na kamawa a sama sai ta gangara ƙasa. Amma dai a duba abin da Jamusawa suka yi. Su sun yarda da ƙaramar igwa, inci 11, suka zuba nauyin a sulke. Jirginsu Seydlitz ya sha harbi fiye da sau ashirin a wannan rana, ruwa fiye da tan 5,000 ya shige shi, duk da haka ya lallaɓa ya koma gida.

Daga nan ne aka shiga zamanin zane-zanen da ba su taɓa ganin ruwa ba. Shi Fisher tun a 1915 ya kawo shawarar wani ƙasurgumin jirgi, Incomparable, mai tsawon ƙafa dubu, da igwa shida masu inci 20. Ba a ko fara shi ba, kuma a ganina sojojin da za su hau shi sun tsallake rijiya da baya. Wanda ya fi shi ma'ana shi ne zanen da ake kira G3 na 1921: nauyi kusan tan 48,000, igwa tara masu inci 16, gudu mil 32, ga sulke mai kaurin inci 14. Dabarar masu zanen ita ce sun matso da igwogin kusa da juna domin wurin da za a rufe da sulke ya gajarta, sauran jikin jirgin kuwa aka bar shi kusan haka nan. Ma'ana sun sami duk abu ukun, amma sai da jirgin ya yi girman da baitulmali ba zai ɗauka ba. An ba da odar guda huɗu a Oktoba 1921, aka dakatar da aikin bayan wata ɗaya.

Abin da ya kashe su ba abokin gaba ba ne, alƙalami ne. Ran 6 ga Fabrairu 1922, Amurka da Ingila da Japan da Faransa da Italiya suka sa hannu a yarjejeniyar Washinton, wadda ta ce kada sabon babban jirgi ya wuce tan 35,000, kada igwarsa ta wuce inci 16. Amurka ta bar nata guda shida da ta fara, ta mai da biyu, Lexington da Saratoga, masu ɗaukar jiragen sama. Japan ma haka ta yi da Akagi. Har yau akwai masu sha'awar wannan fanni da ke zama da kwamfuta suna sake lissafin, suna neman sanin ko da G3 zai iya da Bismarck. Tambayar ba ta banza ba ce, domin da ba a yi G3 ba, tsohon jirgi Hood ne Ingila ta tura ya tare Bismarck ran 24 ga Mayu 1941. Cikin mutum 1,418 da ke cikinsa, uku ne suka tsira.

Kamfanin da ya ƙera Seydlitz da Bismarck, wato Blohm & Voss na birnin Hambog, shi ne kuma ya ƙera wa Nijeriya jirgin yaƙinta mai sunan Hausa, Aradu, wanda ya fara aiki a 1982. Tsawonsa mita 125 ne, kuma shi ne na farko a wani sabon tsari inda ake sa makamai da na'urori cikin akwatuna, yadda za a ciro ɗaya a sa wani ba tare da an fasa jikin jirgi ba. Nan ana iya ganin abu na huɗu da masu zanen takarda ba su cika sa wa a lissafi ba, wato kuɗin gyara da na kayan canji. Aradu ya wakilci Nijeriya a Ingila a 2005, wajen bikin cikar shekara ɗari biyu da yaƙin Trafalgar, bayan haka ya shafe shekaru masu yawa a ɗaure a tasha yana jiran gyara.