UWA, KADA KI BARI A CIRE WA JARIRINKI BELI

Beli shi ne ɗan naman nan da ke reto a can cikin baki. Kowane ɗa da shi ake haihuwarsa. Ba cuta ba ne. Yana taimakawa wajen toshe hanyar hanci lokacin haɗiya, don kada nono ya biyo ta hanci.

An saba kiran wanzami ya yanke shi kafin ranar suna, wai don kada ya hana yaro shan nono. To, ga abin da yankan ke jawowa:

1. ZUBAR JINI. Jinin jariri ba ya saurin daskarewa a makon farko. Jikinsa ƙarami ne, jini kaɗan ya zuba sai ya galabaita.

2. SARƘE-HAƘORA. Ƙwayar cutar tana shiga ta aska marar tsabta. Tsakanin kwana 3 zuwa 14 sai yaro ya kasa kama nono, jiki ya sandare. Da yawa ba sa tashi.

3. CIWON HANTA DA ƘANJAMAU. Askar da ta taɓa jinin wani tana iya ɗauko su.

4. ƘIN NONO. Baki da miki, ina tsotso? Sai rama.

In yaro yana amai ko ya ƙi nono, kawo shi asibiti a duba. In an riga an yanke, kika ga jini ko zazzaɓi, garzayo yau, kada ki jira gobe. Ba mai yi miki faɗa.

Ki gaya wa maigida da kakarsa tun kafin ki haihu.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Ma'aikatar Lafiya ta Jiha