Don Ya Miƙe Ya Ce "Ba Komai", Kada Ka Saki Jiki

A zangon da ya wuce abokin ɗakina ya faɗo daga kan acaɓa. Kansa ya bugu da kwalta, ya ɗan suma, sannan ya miƙe yana kakkaɓe wando yana cewa, "Ba komai wallahi." Muka saya masa magani a kemis muka koma hostal. Bayan isha'i sai ga amai, yana ta maimaita min tambaya ɗaya. A asibiti hoton kai ya nuna jini na taruwa a ƙarƙashin ƙoƙon kansa, aka shiga da shi tiyata a daren. Abin da na koya a zaman jinyar nan shi nake son mu sani.

Ƙwaƙwalwa taushi gare ta, kuma a cikin ƙashi mai tauri take zaune. Idan kai ya bugu, raunin iri-iri ne. Mafi sauƙi shi ne girgizar ƙwaƙwalwa: jiri, ciwon kai da mantuwa, ko da mutum bai suma ba. Akwai wanda naman ƙwaƙwalwar ke ƙujewa ya kumbura. Akwai tsinkewar ƙananan jijiyoyin da ke kai saƙo, wanda kan jefa mutum doguwar suma. Sai kuma zubar jini a ciki, irin na abokina. Wannan shi ne mayaudari, domin mutum kan farfaɗo ya yi hira lafiya lau na sa'o'i, alhali jinin na taruwa yana danne ƙwaƙwalwa.

To yaya likita ke gane tsananin rauni? Akwai ma'aunin Glasgow, wanda Graham Teasdale da Bryan Jennett suka fitar a 1974. Abu uku ake dubawa: buɗe ido (maki 4), magana (maki 5) da motsin jiki (maki 6). Maki 13 zuwa 15 rauni ne mai sauƙi, 9 zuwa 12 matsakaici, 3 zuwa 8 mai tsanani. Amma fa makin na iya faɗuwa cikin awa ɗaya, shi ya sa ake maimaita gwajin. Lokacin da abokina ke cewa ba komai, da an gwada shi, ƙila cikakken maki zai ci.

Don haka, duk wanda ya suma bayan buguwar kai, ko na ɗan lokaci ne, asibiti kai tsaye. Haka idan ka ga yawan amai, ciwon kai mai ƙaruwa, barci mai wuyar tashi, ruɗewa, jijjiga, mutuwar ɓarin jiki, ruwa ko jini daga hanci ko kunne, ko baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa. Kada a ɗura masa ruwa, kada a jujjuya wuyansa, kada a ba shi asfirin, don yana ƙara zubar jini. Kuma kada a bar shi shi kaɗai a daren farko.

Batun warkewa, sai haƙuri. Mai girgizar ƙwaƙwalwa yawanci makonni biyu zuwa huɗu ya warware: ya huta kwana ɗaya ko biyu, ya rage kallon waya, sannan ya koma karatu a hankali. Kada ya koma ƙwallo sai likita ya yarda, domin bugu na biyu kafin na farko ya warke ya fi haɗari. Mai rauni mai tsanani kuwa, an fi ganin sauƙi a watanni shida na farko, amma yakan ci gaba har shekaru, tare da gashin jiki da koyon magana.

Abokina ya dawo lakca, sai dai har yanzu yana saurin mantuwa da saurin fushi. Idan kun haɗu da irinsa, ku yi masa uzuri, ba halinsa ba ne. Ni dai tun daga ranar, ko a yi min dariya, ba na hawa babur sai da hular kwano.