Shukar da ke wanke ƙasar da mai ya ɓata

Manoma ƴan'uwa, duk mai garka ya san abin da ke faruwa in gazuwal ko baƙin mai ya zuba a gindin injin ban-ruwa. Wurin yakan yi baƙi, ruwa ya ƙi shiga, iri ya ƙi tsira. Man ne ke toshe ƴan ƙofofin da iska da ruwa ke bi su kai ga saiwa.

A ƙasar Ogoni, can kudancin Najeriya, inda aka daɗe ana haƙo man fetur, ɓarnar ta fi haka nesa. Mai ya malala cikin gonaki da rijiyoyi. A shekarar 2011, wani rahoto na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce gyaran yankin zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Irin wannan ɓarna ce ta sa masu bincike suka yi ta neman dabara mai sauƙin kuɗi. Sun gwada masara, da dawa, da wake.

Kada a ɗauka shukar ce ke shanye man. A cikin ƙasa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani. Wasunsu mai ne abincinsu, amma sai sun samu iska da danshi. Saiwa tana huda ƙasa, iska ta shiga. Tana kuma fitar da wani ruwa mai zaƙi wanda ke ciyar da su. Sai su yi yawa, su riƙa cinye man sannu-sannu. Dawa da masara suna da saiwa mai yawa; wake kuwa yana ƙara wa ƙasa ƙarfi.

In man kaɗan ne, a kafce wurin, a zuba takin dabbobi, a riƙa ba shi ruwa, sannan a shuka. Aikin na son haƙuri, yakan wuce damana ɗaya. In ƙasar ta jiƙe sharkaf da mai, shuka ba ta rayuwa. Sai an kwashe ta, a kai nesa da rijiya.

Ga babban gargaɗi: abin da aka shuka a wurin ba na ci ba ne. Kada a ci, kada a kai kasuwa, kada a ba bisashe kara ko harawa. Baƙin mai na tsohon inji yana ɗauke da gubar ƙarfe, irin su dalma, wadda halittun nan ba sa iya cinyewa. Shi kam, a tare shi cikin gwangwani tun bai taɓa ƙasa ba.