Katin Hoto na Kwamfuta: Araha, Gudu da Matsalar Zafi

Gabatarwa

A garuruwan arewacin Jihar Kano, irin su Dambatta da Bichi da Minjibir, inda gonaki suka haɗe da juna har babu sauran daji tsakanin ƙauye da ƙauye, wasan kwamfuta ya shiga cikin abubuwan da ke ɗaukar hankalin matasa. Wanda ya tara 'yan kuɗinsa don haɗa kwamfutar wasa yakan fuskanci tambayoyi biyu: wane katin hoto zai saya da kuɗi kaɗan, kuma ko ya dace ya ƙure masa gudu fiye da yadda masu ƙera shi suka tsara? Amsar duka biyun tana rataye ne a kan abu guda, wato zafi.

Aikin Katin Hoto

Abin da ido ke gani kamar motsi a fuskar kwamfuta jerin hotuna ne da ke sauyawa da sauri. Fim ɗin silima yana nuna hoto 24 a daƙiƙa guda, masu wasa kuwa sun fi son 60. Katin hoto shi ne ɓangaren da ke lissafa launin kowane ɗigo na waɗannan hotuna. A tsakiyarsa akwai ƙwaƙwalwa mai ɗauke da biliyoyin ƙananan makunnai da ake kira transisto, waɗanda ke kunnuwa da kashewa bisa bugun wani agogo. Ana auna wannan bugu da megahaz, wato bugu miliyan ɗaya a daƙiƙa. Ƙure gudu shi ne ɗaga adadin bugun ta hanyar manhaja irin su MSI Afterburner.

Dabarar ta yi suna a 1998, lokacin da aka gano cewa ƙwaƙwalwar Celeron 300A ta kamfanin Intel tana iya tashi daga megahaz 300 zuwa 450, ƙarin rabi ke nan a kyauta. Sai dai zamani ya sauya. Katunan yanzu suna ƙara wa kansu gudu muddin suna da sanyi, don haka abin da ya rage wa mai ƙurewa galibi bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Wasan da ke tafiya da hoto 40 a daƙiƙa zai koma 44 ne kawai, bambancin da da wuya ido ya lura da shi.

Inda Zafi Ke Fitowa

Kusan duk wutar lantarkin da kati ya sha zafi take zama. Wutar da yake sha tana ƙaruwa daidai da ƙarin gudu, amma game da ƙarfin turin lantarki, wanda ake aunawa da bolt, ƙarin ya fi haka, domin ana ninka adadin ne da kansa. Alal misali, idan aka ƙara gudu da kashi 10, aka kuma ƙara bolt da kashi 10 don katin ya jure, lissafin shi ne 1.1 sau 1.1 sau 1.1, wato 1.33. Ma'ana, an sayi ƙarin gudu na kashi 10 da ƙarin zafi na kusan kashi 33.

Ɗalibin ilmin halittu ba baƙo ba ne ga wannan al'amari. Jikin ɗan Adam yana aiki ne a wajen digiri 37 na ma'aunin Salshiyos, kuma idan tsoka ta yi aiki mai nauyi sai gumi ya karyo don fitar da zafi. Shi ya sa manomi ke fita da shanun huɗa da sassafe, ya kwance su kafin rana ta take. Kati ba shi da gumi. Abin da yake da shi shi ne ƙarfe mai tsaga-tsaga kamar lagireton mota, da fanka mai hura masa iska. Idan zafi ya kai wani mataki, wanda a katunan Nvidia da dama digiri 83 ne, katin da kansa yakan rage gudu don kada ya lalace, kamar yadda sa ke sassauta tafiya idan ya gaji.

Zafi yana fita ne gwargwadon tazarar da ke tsakanin zafin kati da na iskar ɗaki. Mai wasa a Ingila da ke zaune a ɗaki mai digiri 22 yana da tazarar digiri 61. A shago mai rufin kwano a Bichi cikin watan Afrilu, inda zafi kan kai digiri 40, tazarar 43 ce kacal. An yi asarar kusan kashi 30 na ikon sanyaya tun kafin a taɓa komai. Bugu da ƙari, ƙurar hunturu, wadda yawancinta iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tana toshe tsagogin ƙarfen, ta zame masa bargo. Saboda haka shawarar da ta yi wa Bature amfani ba lalle ne ta yi wa Bakano ba.

Zaɓi Tsakanin Katuna Masu Araha

Katuna biyu da ake samu na hannu sun isa misali. GTX 1050 Ti na kamfanin Nvidia, wanda ya fito a 2016, yana da ma'adanar gigabait 4, yana shan wat 75, kuma galibinsa ba ya buƙatar wayar wuta ta daban. RX 570 na kamfanin AMD, na shekarar 2017, yana zuwa da gigabait 4 ko 8, ya kuma fi na farkon ƙarfi a fili, amma yana shan wat 150. Babu ƙurewar da za ta kai na farko matsayin na biyu. Sai dai ga mai dogaro da sola da batir, ko ƙaramin janareta tun bayan janye tallafin man fetur a 2023, bambancin wat 75 cikin awa takwas ya kai wat-awa 600 a kullum, kuma wannan kuɗi ne.

Har ila yau, akwai buƙatar lura da tarihin kati. An yi amfani da ɗimbin katuna irin RX 570 wajen haƙar kuɗin intanet dare da rana, kuma da tsarin Ethereum ya daina buƙatar su a watan Satumba na 2022, sai suka kwarara kasuwannin duniya. Mai saye a Titin Beirut ko Farm Centre a birnin Kano ya kamata ya nemi a kunna katin a gabansa, a sa masa wasa mai nauyi na aƙalla rabin awa, yana duba ma'aunin zafi a manhaja, yana sauraren ƙarar fanka. Ɗige-ɗige masu launi a fuskar kwamfuta ko ɗaukewar hoto alama ce ta a bar shi. Haka kuma a tabbatar akwatin rarraba wuta na kwamfutar zai iya ɗaukar nauyin katin, domin mai rauni idan ya ƙone yana iya tafiya da sauran kayan.

Kammalawa

Hausawa na cewa sauri ya haifi nawa. A yanayi irin na ƙasar Kano, hanyar da ta fi riba ita ce akasin ƙurewa: a rage bolt kaɗan-kaɗan ana gwadawa, har a sami matakin da kati ke riƙe gudunsa da ƙarancin zafi. A riƙa hure ƙura a kai a kai, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A ɗaga kwamfuta daga ƙasa, a nisanta ta da bango. A sabunta man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyaya idan ya bushe. Rage ingancin inuwa a cikin wasan kansa yakan ba da ƙarin hotuna fiye da ƙurewa, ba tare da ƙarin zafi ba.

Malamin kimiyya yana iya mai da wannan darasi a aji: ɗalibai su rubuta zafin kati da gudunsa da safe, su sake da azahar, sa'an nan su maimaita bayan an share ƙura. Alƙaluman da za su samu sun isa su nuna musu yadda zafin ɗaki ke iyakance aikin inji.