Sabuwar Marsandin lantarki: ba a yawan dawakai maganar take ba

Tun da kamfanin Mercedes ya yaye lulluɓin wata mota mai ruwan goro a watan Yunin 2025, masu sha'awar motocin gudu ba su huta da musu ba. Sunanta Concept AMG GT XX, ƙofa huɗu gare ta, ba ta shan fetur ko ɗigo, kuma kamfanin ya ce ƙarfinta ya kai na dawakai 1,360, gudunta ya haura kilomita 360 a awa. Ta gwaji ce. Wadda za a kai kasuwa, shekarar 2026 aka sa mata. Amma tun kafin a ji farashi an rabu gida biyu. Wasu sun rungumi adadin dawakan nan, kullum shi suke ja kamar carbi. Wasu kuma sun ce motar da ba ta ruri ai ba AMG ba ce, wayar salula ce aka sa wa taya.

Na biyun nan ina ɗan tausaya musu. A garin Affalterbach na Jamus, inda AMG, sashen motocin gudu na Mercedes, take, al'adar gidan ita ce mutum ɗaya ya haɗa inji ɗaya da hannunsa, ya manna sunansa a kai. Wanda ya saba da wannan ba zai ji daɗin lasifika tana kwaikwayon kukan inji ba. Sun ma taɓa nuna fushinsu: a 2022 aka cire injin silinda takwas daga motar AMG mai suna C63, aka sa mai silinda huɗu da taimakon lantarki. Dawakai sun ƙaru zuwa 680, masoya kuwa suka juya baya.

Na farkon su ne suke ba ni haushi, domin sun ɗauki abu mafi arha a motar lantarki sun mai da shi abin alfahari. Tun a 2021 Tesla ta fito da Model S Plaid mai dawakai 1,020. Lucid Air Sapphire tana da 1,234. Hatta Xiaomi, mai ƙera wayar da ke aljihun wasunmu, ta fito da SU7 Ultra mai fiye da 1,500. Fizgar farko ba ta da wuya. Wuyar tana wajen maimaitawa, kuma abin da ke hana maimaitawa shi ne zafi.

Kowa ya taɓa riƙe waya tana caji yana kallon bidiyo, ya ji bayanta ya ɗau zafi, sai ta fara nauyin aiki. Ba lalacewa ta yi ba, kare kanta take yi. Haka batirin mota yake. Ka taka ta da ƙarfi sau biyu, sau uku, sai kwamfutar ciki ta rage wuta don kada batirin ya ƙone, dawakai dubun nan su koma na takarda. Kamar ɗan dambe ne mai mugun naushi a turmin farko, a na uku kuma numfashi ya ƙare. Lissafin ma ba ya da tausayi: in wutar da ke bi ta cikin wayar lantarki ta ninka biyu, zafin da take haifarwa sau huɗu yake ninkawa. Wanda ya taɓa jona hita a siririyar waya ya ji ƙaurin roba ya san wannan ba tare da ya shiga aji ba. Shi ya sa manyan motocin nan suka koma tsarin bolt 800 maimakon 400, hanyar da Porsche Taycan ta buɗe a 2019: a ƙara matsi, a rage yawan wutar da ke gudana, zafi ya ragu.

Abin da ya kamata a zuba wa ido a wannan Marsandi shi ne yadda aka yi da zafin. Batirinta ƙananan gwangwanaye ne dogaye sirara, fiye da 3,000, kuma wani mai da ba ya ɗaukar lantarki yana zagaya kowane ɗaya. Yawancin motoci ɗora batirin suke yi a kan faranti mai sanyi. Tambayi mai sayar da lemo a tasha bambancin kwalbar da aka aza a kan ƙanƙara da wadda aka nutsar cikin ruwan ƙanƙara har wuya. Injinan lantarkinta uku su ma ba irin na kowa ba ne. Waɗanda aka saba da su siffar ganga gare su, waɗannan kuwa shafaffu ne kamar faifai, fasahar kamfanin YASA na Ingila da Mercedes ya saya a 2021, kuma ba su cin wuri ko nauyi kamar na da.

An gwada abin a watan Agustan 2025 a filin Nardò da ke kudancin Italiya, wani da'irar titi mai tsawon kilomita 12 da ɗoriya. Direbobi suna karɓa-karɓa, har da George Russell na tseren Formula 1, ana gudun kilomita 300 a awa, a tsaya a yi caji, a koma. A awa 24 motar ta ci kilomita 5,479. Cikin kwana 7 da awa 13 da 'yan mintuna ta cika kilomita 40,075, wato tsawon zagayen duniya. Wannan adadin ya fi 1,360 ma'ana nesa ba kusa ba, amma ba shi ake yaɗawa ba.

Sai dai a nan ma akwai inda ake ruɗin kai. An ce cajin minti biyar yana ba ta tafiyar kilomita 400. Gaskiya ne, in akwai na'urar da za ta zuba mata kilowat 850. Ka ƙiyasta dutsen guga 850 an jona su lokaci guda. A Turai ma yawancin manyan wuraren caji a 350 zuwa 400 suke tsayawa, na Nardò na musamman aka girka. A nan gida kuwa, taransifomar da unguwa guda take dogaro da ita sau da yawa mai 300 ce ko 500, wadda in ta ƙone sai an bi gida-gida ana karo-karo. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 muke jin jawabai masu daɗi kan motocin lantarki a wajen bukukuwa, ba mu cika jin wanda ya tsaya kan wannan lissafin ba.

Ko a can ɗin, masu kuɗin ba su yi rububin da aka zata ba. Cinikin Taycan ya faɗi da kashi 49 cikin ɗari a 2024, kuma saurin zubewar darajar irin waɗannan motoci a kasuwar na-hannu yana cikin abin da ke sa mai saye ya yi jim.

Don haka ranar da ta kasuwa ta fito, mai karatu, kada adadin dawakai ya ɗauke maka hankali. Nemi nauyinta, nemi kilowat nawa take karɓa da minti nawa take iya riƙe shi, sannan ka jira masu gwaji su taka ta sau goma a jere su faɗi abin da ya rage a na goman.